Idan aka harbo jirginka a ƙasar maƙiya, wa zai kai ka gida?

Nura Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masana tarihin Yaƙin Duniya na Biyu ce. An ce dubban sojojin sama na Birtaniya da Amurka da aka harbo jiragensu a Beljiyam da Holan da Faransa sun koma Ingila, Jamusawa ba su kama su ba. To ta yaya? Mutum ya diro da lema a garin da bai iya yarensu ba, ga kaki a jikinsa, ga sojoji da karnuka suna nemansa. Na ji wai ana ba su wasu kayan dabara na musamman. Da gaske ne?

Baba Sajan: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka kai ga kayan dabara, awa ta farko ita ce magana. Kana sauka, ka naɗe lemar ka binne ta ko ka cusa cikin ƙaya, sannan ka bar wurin, ko da ƙafarka ta gurɗe. Bajamushe ya iya lissafi. Ya san jirgin Lancaster na Ingila mutum 7 yake ɗauka, B-17 na Amurka mutum 10. In ya ƙirga gawa 4 a tarkacen Lancaster, ya san saura 3 suna cikin gonaki. 'Yan Ingila ma da sauƙi, don da dare suke kai hari, duhu yana rufa musu asiri. Amurkawa kuwa da rana tsaka suke zuwa, mutum yana lilo a sama gari duka yana kallonsa, manomi na gudu ya riga soja isa wurin.

Malam Habibu: Baba ya faɗi gaskiya. Game da kayan kuma, eh, da gaske ne Nura. A Disamban 1939 Birtaniya ta kafa wani sashen asiri mai suna MI9 ƙarƙashin Norman Crockatt, aikinsa taimakon masu tserewa. A can akwai wani Christopher Clayton Hutton, mutum mai kan ƙirƙira. Shi ya kawo buga taswira a kan siliki, saboda takarda tana ƙara in ka buɗe ta, kuma ruwa yana lalata ta, siliki kuwa ka dunƙule shi ka cusa a ko'ina. Ya saka ƙaramin kamfas a cikin maɓallin riga. Da Jamusawa suka gano, sai aka juya zaren maɓallin, ta yadda in mai bincike ya murɗa don ya kwance, ƙara ɗaure shi yake yi. Akwai takalmin tuƙi mai dogon wuya da 'yar wuƙa a ɓoye, ka yanke wuyan ya koma baƙin takalmi irin na kowa. Sannan ga wani ɗan ƙaramin akwati na aljihu: ƙwayoyin madara masu riƙe ciki, ƙwayar tsabtace ruwa, ƙwayar hana barci, da jakar roba ta ɗiban ruwa. Ga kuɗin Faransa da Beljiyam da Holan a wata 'yar jaka daban.

Nura Fagge: Kai! Maganar maɓallin nan ta burge ni. Ashe dai sirrin yana wajen kayan. Bature da wayo.

Hajiya Zulai: Nura ƙanina, taswirar siliki ba ta dafa miya. Ƙwayar madara kwana nawa za ta riƙe ƙato? Daga Birasel zuwa iyakar Sifaniya kusan kilomita 1,000 ne, a ƙasar da ba ka sayen burodi sai da katin rabo, ba ka wuce shinge sai da katin shaida. Ko ba jima ko ba daɗe, dole ya ƙwanƙwasa ƙofar wani. Shi ya sa su kansu masu horar da su suke ce musu su nemi gidan gona da ke gefe shi kaɗai, su jira sai sun ga mutum ɗaya tilo kafin su fito, ko su nemi limamin coci ko likita ko malamin makaranta. Daga ranar da aka buɗe masa ƙofa, shi kaya ne kawai. Wasu ne ke ɗaukar sa.

Kuma ku duba bambancin hukunci. Sojan da aka kama, Yarjejeniyar Jeniba ta 1929 tana kare shi, sansanin fursunonin yaƙi za a kai shi. Wanda ya ba shi ruwa fa? A Satumban 1941 kwamandan Jamus a Faransa, Otto von Stülpnagel, ya sa aka lilliƙa sanarwa cewa duk namijin da ya taimaki ma'aikatan jirgin maƙiya za a harbe shi, mace kuma a tura ta sansanin gwale-gwale a Jamus, wanda ya tona kuma yana da tukuici har faran 10,000 na kuɗin Faransa.

Nura Fagge: To Anti, duk da haka aka samu masu yi?

Hajiya Zulai: Aka samu, kuma da yawansu mata ne da 'yan mata. Bari in ba ka labarin guda. Andrée de Jongh, ana kiranta Dédée, 'yar Birasel, shekararta 24. A Agustan 1941 sai ga ta a ƙaramin ofishin jakadancin Birtaniya da ke Bilbao, a Sifaniya, tare da wani sojan Sikotlan da 'yan Beljiyam biyu. Ta ce ita ta kawo su tun daga Birasel, ta haye duwatsun Pyrenees da su a ƙafa, kuma za ta iya ci gaba da kawowa in za a biya kuɗin hanya. A Landan da farko zargi suka yi Jamusawa ne suka turo ta, don ba su yarda yarinya irin wannan za ta iya ba. Michael Creswell na ofishin jakadanci a Madrid shi ya tsaya mata. Ita kuma ta kafa sharaɗi: ku biya kuɗi, amma ragamar tana hannunmu 'yan Beljiyam. Wannan ce hanyar da aka sani da Comète.

Yadda take tafiya: a tattara mutum daga ƙauye zuwa wani gida a Birasel, a ba shi tufafin farar hula da katin shaida na jabu, a sa shi jirgin ƙasa zuwa Faris, daga nan jirgin dare zuwa Bayonne. A Anglet akwai Elvire de Greef da ake kira Tante Go, ita ke riƙe da ɓangaren kudu. Daga can sai wani gidan gona a Urrugne, na wata bazawara Frantxia Usandizaga, a sha madara mai zafi, dare ya yi a kama dutse. Dédée da kanta ta raka mutum 118.

Baba Sajan: Hajiya, jirgin ƙasan nan ya fi dutsen hatsari a wajena. Dutse ƙarfi yake so, jirgin ƙasa kuwa haƙuri. Ka zauna awa goma gaba da gaba da sojan Jamus ba ka ce uffan ba.

Malam Habibu: Ƙwarai. Kuma ƙananan abubuwa ne ke tona mutum. Ba'amurke in ya yanka nama sai ya ajiye wuƙa ya mayar da cokali mai yatsu hannun dama, mutanen Turai ba sa yin haka. Ga taunar cingam, ga tsawo, ga tafiyar ƙasaita da hannu cikin aljihu. Sai an zaunar da su an koya musu riƙon taba ma. A cikin jirgi a ce ka rufe fuska da jarida ko ka yi barcin ƙarya. Wasu a katinsu an rubuta kurma ne kuma bebe. A tasha ba ka jerawa da jagora, kana bin ta daga nesa, in aka tare ta ka wuce kamar ba ka taɓa ganinta ba. Hotunan da suke zuwa da su daga Ingila don katin jabu, sau da yawa girmansu bai dace ba, sai an sake nemo mai hoto amintacce.

Laminu Maraɗi: Salamu alaikum. Hajiya ba ki faɗi wanda ya fi burge ni ba, Florentino Goikoetxea. Ɗan fasa-ƙwauri ne, ɗan ƙabilar Basque, su ne ke zaune a duka ɓangarorin iyakar. Duk wanda ya san masu bin ɓarauniyar hanya tsakanin Jibiya da Maraɗi ya san irin mutumin: bai damu da takarda ba, amma ya san kowane kwazazzabo da lokacin da mai gadi yake gyangyaɗi. Ya sa musu takalman igiya, su bi shi cikin duhu har wayewar gari, su tsallaka kogin Bidasoa da ƙafa. Kogin nan ba wasa ba ne in ya kawo. A daren 23 ga Disamban 1943, da Florentino ba shi da lafiya bai je ba, ruwa ya tafi da Antoine d'Ursel, ɗaya daga cikin shugabannin Comète, da wani Ba'amurke James Burch. Shi kuma Florentino a 1944 Jamusawa suka harbe shi a ƙafa suka kwantar da shi asibitin Bayonne, sai mutanensa suka zo da motar asibiti a matsayin 'yan Gestapo, wato 'yan sandan ciki na Jamus, suna ta daka tsawa da Jamusanci, suka fice da shi.

Sadiƙ: Ni fa ban ga abin da ya shafe mu a nan ba. 'Yan mulkin mallaka ne suke dukan junansu. Beljiyam ɗin da kuke yabo, ku tambayi mutanen Kwango. Kuma su waɗannan da ake ceto, ba bama-bamai suka je zubawa kan garuruwa ba? Hambug kaɗai a 1943 dubban fararen hula nawa suka ƙone?

Aisha Garwa: Yaya Sadiƙ, maganar Kwango da Hambug gaskiya ce, ba mai musu. Amma ita Dédée da ta fito daga sansani da ranta, ba ta zauna cin suna ba. Ta kammala karatun jinya ta taho Afirka, ta yi shekaru tana aiki a asibitocin kutare, a Kwango, da nan Kamaru, da Adis Ababa, da Senegal. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san mutane nawa ne ke yarda su wanke gyambon kuturu. Sai da lafiyarta ta gaza ta koma gida, ta rasu a 2007.

Malam Habibu: Sadiƙ, kuma yaƙin bai yi mana nisa kamar yadda kake zato ba. Tun 1940 ake harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, a Gana ta yau, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri su wuce Khartum zuwa Masar. Akwai ma 'yan Afirka ta Yamma a cikin jiragen da ake harbowa. Johnny Smythe ɗan Saliyo, mai nuna wa jirgi hanya ne, an harbo su a Jamus a Nuwamban 1943. Ya laɓe a wani ɗakin ajiya na gona da rauni a jikinsa, aka kama shi, ya zauna a sansanin fursunonin yaƙi na Stalag Luft I har ƙarshen yaƙi. Daga baya ya zama babban lauyan gwamnati a ƙasarsu.

Sadiƙ: To ka ga Malam, shi wane katin jabu za a yi masa? Baƙin mutum a tsakiyar Jamus.

Malam Habibu: Babu. Amma ka lura, ko Bature fari sol in a cikin Jamus ya faɗo, da wuya ya fita, don babu mai buɗe masa ƙofa. A ƙarshen yaƙi ma wasunsu jama'ar gari ne suka lakaɗa musu duka har suka mutu. Kayan aljihunsu ɗaya ne da na wanda ya faɗo a Beljiyam. Abin da ya bambanta shi ne mutanen da ke ƙasa. Haka a hamadar Libiya: matuƙan Birtaniya suna ɗauke da wasiƙa da Larabci mai roƙon a taimake su da alƙawarin tukuici, kuma Larabawan Sanusiyya sun ɓoye da yawa a tantunansu sun raka su har wajen 'yan'uwansu. Ba don son Ingila ba. Italiya ce ta rataye Umar Mukhtar a 1931, ba su manta ba. Waɗanda suka dawo da ƙafa daga hamada har ƙungiya suka yi, alamarsu takalmi mai fiffike.

Baba Sajan: Mu ma mun ga irinsa a nan gida. Ranar 18 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙin, Flight Laftanar Abayomi Dairo, ya yi tsalle da lema. Sanarwar rundunar sojin sama ta ce ya laɓe a ƙauyukan da ke kusa har rana ta faɗi, sannan ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya, ya ratsa cikin dare har ya kai wani sansanin sojan ƙasa. Waya ta maye gurbin siliki, amma ƙa'idar ba ta canza ba: ɓuya da rana, tafiya da dare.

Hajiya Zulai: Baba, ka ce "ƙauyukan da ke kusa". Ƙauye ai ba kango ba ne, da mutane a ciki. Shi an ɗauke shi zuwa bariki, su kuma nan suka kwana da maƙwabtansu na daji.

Nura Fagge: Anti, Aisha ta ce Dédée ta fito daga sansani. Kama ta aka yi ke nan?

Hajiya Zulai: Ranar 15 ga Janairun 1943, a gidan Frantxia, tare da sojojin sama uku. Ruwan sama ne ya hana su hayewa, suka kwana, aka tona su. Ta faɗa wa masu tuhumarta cewa ita ce shugaba, don ta kare mahaifinta, suka ƙi yarda. Rainin da suka yi mata shi ya hana su kashe ta. Aka kai ta sansanin gwale-gwale na Ravensbrück, daga baya na Mauthausen. Frantxia ta mutu a Ravensbrück a 1945, ta bar yara uku. Mahaifin Dédée, Frédéric, shugaban makarantar firamare ne, ya ci gaba da aikin daga Faris har aka kama shi a Yunin 1943, aka harbe shi a Maris na 1944.

Malam Habibu: Kuma yawancin ɓarnar daga ciki ta fito. A Nuwamban 1942 Jamusawa biyu masu jin Turanci suka shigo hanyar a matsayin Amurkawan da aka harbo, aka kai su gidan iyalin Maréchal a Birasel, daga nan kame ya bi gida-gida. Shi ya sa aka tsananta yi wa duk baƙo tambayoyi: sunan sansaninku, wa ke zaune a wace kujera a jirgi, kalmomin da sai ɗan bariki ya sani, Ba'amurke kuma a tambaye shi wasan ƙwallonsu. Wanda ya sayar da Frédéric wani saurayi ne, Jacques Desoubrie, ya shigo a matsayin jagora. Shi ɗin dai ya miƙa da yawa daga cikin sojojin sama 168 da aka kai sansanin gwale-gwale na Buchenwald a Agustan 1944. Da yake cikin kayan farar hula aka kama su, sai aka ƙi ɗaukar su fursunonin yaƙi. Babbansu, Phil Lamason ɗan New Zealand, ya samu ya aika saƙo ga sojojin saman Jamus, su kuma suka zo suka karɓe su daga hannun SS, dakarun 'yan Nazi masu riƙe da sansanin, a watan Oktoba. Biyu sun riga sun mutu. An zartar wa Desoubrie hukuncin kisa a 1949.

Sadiƙ: To mu yi lissafi mana. Mutum nawa Comète ta fitar, nawa ta rasa?

Malam Habibu: Ƙiyasin da aka fi ambata: ta taimaki kusan mutum 800, an kama masu taimako wajen 700, kimanin 290 aka kashe ko suka mutu a tsare.

Sadiƙ: Ka ji ko. A kashe uwa mai 'ya'ya uku don a ceci ƙaton da in an kama shi shinkafar Red Cross zai ci har yaƙi ya ƙare. Wannan ciniki ne na faɗuwa.

Malam Habibu: Hujjar Landan ita ce horar da matuƙi yana cin kusan shekara biyu da kuɗi mai yawa, kuma in wanda aka ɗauka ya mutu ya shigo ɗakin cin abinci da ƙafarsa, sauran suna samun ƙarfin zuciya. Suna kuma dawowa da labarin abin da suka gani. Amma ba zan ɓoye maka ba, hujjar tana da rami: yawanci ba a sake tura wanda ya tsere sararin Turai, don in aka kama shi zai iya tona waɗanda suka ɓoye shi. Chuck Yeager, wanda aka harbo a Faransa ranar 5 ga Maris 1944 ya haye zuwa Sifaniya, sai da ya kai ƙara har gaban Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance, kafin a bar shi ya koma fagen. Shi ne a 1947 ya fara tuƙa jirgin da ya wuce saurin sauti.

Hajiya Zulai: Sadiƙ, kana lissafi kamar Landan ce ta aike su. Ba wanda ya aiki Frantxia. Mutanen nan an mamaye ƙasarsu, ba su da bindiga, abin da suke da shi ɗaki ne da tukunya. Da shi suka yi yaƙinsu. Kai kana ganin faɗuwa, su sun san farashin tun daga takardar da ke manne a bango.

Sadiƙ: Ita ta sani, Hajiya. 'Ya'yanta fa, an tambaye su?

Aisha Garwa: Wannan tambayar tana da nauyi, Yaya. Ni ba ni da amsarta.

Laminu Maraɗi: Malam, kowa sai ya hau dutse ne? Ba teku tsakanin Faransa da Ingila?

Malam Habibu: Akwai hanyar teku, kuma ita ce ta fi tsari. Sunanta Shelburn, wasu 'yan Kanada biyu masu jin Faransanci, Lucien Dumais da Raymond Labrosse, suka shirya ta a Plouha, a yankin Bretagne, daga Janairun 1944. A daren da babu wata, sai BBC ta karanta wata gaisuwa ga mutanen gidan Alphonse, alamar jirgin ruwa ya taso daga Dartmouth ke nan. A tara mutanen a gidan wani Jean Gicquel, su bi ta filin da aka binne nakiyoyi, waɗanda 'yan gari suka riga suka yi wa alama da farin ƙyalle, su gangara hayi mai tsayi zuwa bakin ruwa, ƙananan kwale-kwale su kwashe su. Sama da sojojin sama 100 suka fita ta nan, da safe suna Ingila. Ta Sifaniya kuwa ko ka haye ba ka huta ba, 'yan sandan Franco, shugaban ƙasar na lokacin, na iya kai ka sansanin Miranda de Ebro ka yi makonni kafin jakada ya fitar da kai zuwa Jibralta.

Da aka kusa saukar sojojin ƙawance a Normandi, a gabar Faransa, jiragen ƙawance suka ragargaza layukan dogo, tafiya kudu ta gagara. Sai Airey Neave na MI9, wanda shi kansa ya tsere daga kurkukun Colditz a 1942, ya ce a daina jigila, a tara su a daji. A dajin Fréteval aka kafa sansani, manoman yankin suna kai musu abinci, har Agustan 1944 da Neave ya zo da motocin safa. Mutum 152 aka samu a can.

Baba Sajan: Mutum 152 a wuri ɗaya, ga Jamusawa suna sintiri a gefen dajin? Wannan sai da horo mai tsanani. Tari ma sai ka nemi izini.

Hajiya Zulai: Horo da kuma bakin da ya iya shiru, Baba. Virginia d'Albert-Lake, Ba'amurkiya mai auren Bafaranshe, an tare ta a Yunin 1944 tana raka sojojin sama zuwa dajin nan, ga takardar adireshin mutanensu a jakarta. Kafin a miƙa ta ga Gestapo ta yayyaga takardar ta haɗiye. An kai ta Ravensbrück, ta fito a 1945 ƙashi da fata, kuma Jamusawa ba su taɓa jin sunan Fréteval daga bakinta ba.